Rassa Uku a Kan Takarda

Shekara tara na yi ina riƙe da ɗakin karatu na reshen jami'armu a Dakoro, inda ake koyar da aikin dabbobi. Ɗaki ɗaya ne da ordinatar, wato kwamfuta, guda huɗu, ɗaya ma sai an lallashe ta take tashi. Littattafanmu sun tsufa, amma muna da mujallun bincike ta intanet, waɗanda uwar jami'a ke biyan kuɗinsu duk shekara ga wani kamfanin ɗab'i na ƙasar waje.

Wata rana direkta ya miƙo mini takarda daga kamfanin, wai a rubuta wuraren karatu nawa gare mu, da mutane nawa. Ni kuwa na girma ina ganin masu furoje, wato ƙungiyoyin ba da tallafi. In sun zo rabon dusa ko maganin shanu, wanda ya rubuta mutane da yawa shi ke kwasar buhuna da yawa. Sai na gyara zama. Garken gwajinmu na Birnin Lalle na mai da shi reshe. Gonar harawa ta Mai Yara ma reshe, alhali rumfa ce kawai da rijiya. Makiyayan da ke zuwa horon kwana uku duk na zuba su cikin ɗalibai. Har ina yaba kaina, wai na yi wa garinmu dabara.

Ashe su ba rabo suke yi ba, sayarwa suke, kuma da yawan kai da yawan wuri suke yanka kuɗi. Kowane reshe da nasa farashin, ko da akuya kaɗai ke kwana a ciki. Da lissafin ya iso, uwar jami'a ta ga ba za ta iya biya ba. Aka roƙi a gyara, kamfanin ya ce sai shekara ta zagayo. Sai aka cire Dakoro gaba ɗaya daga masu samun mujallun don sauran rassa su tsira.

A lokacin akwai wata ɗaliba, ƴar makiyaya, ita kaɗai ta kai nan a danginsu. Tana rubuta kundin gama karatu kan ciwon huhun shanu, wanda ya cinye rabin garken mahaifinta. Wata biyu suka rage mata, ga shi ta riga ta maimaita shekara, kuma ba a ba da dama ta uku.

Ta zauna gaban ordinatar, ta yi ta sa lambar shiga.

"Baba, mi ya hwaru? Bai buɗewa."

"Rezo ne, intanet ta yanke, ɗiyata," na ce. "Ki komo gobe."

Kwana goma tana dawowa. Na rubuta wasiƙu, na kira duk wanda na sani a birni, aka turo mata maƙala biyu cikin ashirin da take nema. Masu jarrabawa suka ce aikin bai cika ba.

Yanzu maganin dabbobi take sayarwa a bakin kasuwar shanu. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk ranar kasuwa sai ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce wa masu saye, "Wanga shi ne babanmu da ya yi mani ƙoƙari." Ni kuma in ce Allah ya yi albarka, in wuce da sauri. Har yau na kasa buɗe baki in gaya mata ni ne na rufe mata hanya.