Ɗorawar Inna Hapsatu

Tun Zulkifli yana firamare a Kiyako ya tsani layi mai kusurwa. Da ya gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, ya buɗe shago a Birnin Kudu, ya sayi kwamfutar gwanjo, ya shiga zana wa mutane taswirar gona.

Aikin ba wuya. Ya zaga iyaka da na'ura tana ɗiga masa alamu, ya dawo ya haɗa su. To amma layin sai ya fito kamar haƙoran zarto, shi kuwa ransa ba ya so. Sai ya danna wani lissafi da ke ratsa tsakanin ɗigo-ɗigon yana shafe ƙananan kwanoni, layi ya fito sumul. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha bayanin lissafin nan, ko da rana ce ta koro shi.

Rannan Malam Sabo, maƙwabcin gonarsu, ya ba shi aikin zana taswirar tasa gonar. Iyakar tana tafiya a miƙe, sai ta yi 'yar kwana ta zagaye wata bishiyar ɗorawa. Bishiyar ta Inna Hapsatu ce, mahaifiyar Zulkifli, da ita take daddawa shekara talatin. Kwamfuta ba ta san Inna ba. Ta ga kwana, ta goge. Zulkifli ya buga hatimi yana yabon kansa. Sabo ya duba, ya ga ɗorawa ta faɗo gonarsa, ya ninke takarda ya sa a aljihu ya yi gaba.

Da ɗorawa ta nuna, Inna ta je ta tarar iyalan Sabo sun riga ta kaɗewa, takarda a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ranar Juma'a Zulkifli ya zo gida, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka salam, ba ko ƙamshin daddawa.

"Inna, yau miyar..."

"Je ka gidan Sabo," in ji ta. "Can ka kai daddawar."

Kunya ta kama shi. Kashegari ya ɗauko mai unguwa aka sake zagayen iyaka, Inna na biye da shi taku-taku. A gindin bishiyar kaɗai ta sa ya ɗiga alama arba'in, kuma ta hana a taɓa ko ɗaya. Taswirar ta fito mummuna, da ƙulli a gefe. Sabo ya sa hannu yana cewa shi ma dama abin ya ba shi mamaki.

Zulkifli bai daina sumulce layi ba, sai dai yanzu duk kwanar da ya gani sai ya tambayi ta wane ce. Kuma har yau in ya je gida, sai ya shinshina miya kafin ya gyara zama.