Kwandalar da Na Wanke

Ba zan iya rantsuwa a kan shekarar ba, amma na san na gama digiri, ina zaune a unguwar Ainu Shams a Masar ina jiran takarduna su fito. A saman ɗakin da nake haya akwai wani dattijo Kirista, tsohon malamin tarihi, ina ce masa Ammu, wato baffa da Larabcinsu. Yana da akwatin katako na tsofaffin kwandalolin Rumawa da ya gada a wurin mahaifinsa, har da takardar rajistar hukuma. Sai da na karanta takardar nan sau biyu kafin na yarda na taɓa ko ɗaya, don a can riƙe kayan tarihi ba rajista laifi ne.

Bayan la'asar mukan zauna a barandarsa da shayi, jirgin ƙasa na metro na wucewa can nesa. Ya ce a Iskandariyya aka buga su, rubutun na Girkanci ne, shekarar da ke jiki kuma ta sarautar Kaisar ce. In ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu, sai unguwar ta yi mini nisa. Nakan ga mai burodi yana juya ta, ko soja a cikin kwalekwale a kan Nilu yana cusa ta a ɗamara. Wataƙila ba haka aka yi ba. Haka dai nake gani.

Akwai wata koriya shar, ta wani Kaisar da bai daɗe a mulki ba aka kashe shi, shi ya sa irinta ta yi wuya. Ita Ammu ya ara mini kwana uku in kwafi haruffanta. Kafin nan bai taɓa barin wata ta fita daga ɗakinsa ba.

A gidanmu ba a mayar da kayan aro da dauɗa. Na dubi koren nan, na ɗauka datti ne, har na ji kunyar mayar da ita haka. Na yi ta wasiwasi yini guda, sannan na yanka lemon tsami, na ɗebo tokar kaskon turare, na goge ta kamar yadda ake goge tasa. Ta fito ja, tana sheƙi. Sai dai fuskar Kaisar ta yi zanzana, alamar shekarar kuma ta shafe. Ashe tsatsar ce ke riƙe da ita.

Na hau bene na miƙa masa ita. Ammu ya sa gilashi, ya daɗe yana kallo.

"Ya ibni, ɗana, wa ya yi wa Kaisar wankan ango?"

"Ni ne, Ammu. Na zaci... ina ganin kamar datti ne."

"Datti." Ya juya ta. "Ƙasa ta yi ƙarnuka tana ɗinka masa wannan riga, kai ka tuɓe shi kafin magariba. Ko makasansa sun bar masa hanci."

Na ba shi haƙuri, na ce ba zan sake hawowa ba in ya fi son haka.

"Ma'alish, ba komai," in ji shi, bai dube ni ba. Ya rufe akwatin.

Kwana huɗu ban ji motsinsa ba. A na biyar ya buga sandarsa a daɓe, daidai saman kaina. Na hau. Ya zuba shayi, ya zaɓo wata mai hoton gaggafa, ya ɗan yi jim, sannan ya sa mini a hannu. Bai ƙara ara mini wata na sauka da ita ba har na bar Masar. Ina zaton ya yafe mini, amma ban tambaya ba.