Baƙon da Jirgin Ruwa Ya Kawo Mini

Idan zafi ya shigo New York, aikina tuƙa ƙaramar bas ne. Manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa sukan tsaya da safe a tashar bakin kogi, su amayo mutane, ni kuma in kwashi rabona in kai su ganin gari. Mu fara da babban coci mai dogayen hasumiyoyi, mu biya ta tsohon wurin ibadar Yahudawa, mu ƙare a maƙabartar bayin da aka kawo daga Afirka, ƙasa kaɗan da Canal Street. Ƙarfe uku in maido su, don jirgi ba ya jiran kowa. Wata Baturiya ce jagora, ita ke riƙe da lasifika. Ni nawa sitiyari ne da kame baki, kuma dokar aiki ta hana ni barin mota.

Ban cika son fasinjojin ba, gaskiya. Mutum ya tsaya kan kabari yana taunar cingam yana ɗaukar kansa hoto! Amma ko ba komai suna cika mini kunne da hayaniya, abin da ɗakina na Port Richmond, can tsibirin Staten Island, ba ya yi. Shekara shida ke nan ina cikinsa, iyalina suna Kano, takardunsu sun ƙi fitowa. Faranti huɗu na saya da na tare, har yau ɗaya nake wankewa. Ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofata ya zauna ya ci abincina, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Wata safiya wani dattijo mai hula ya kama ƙofar bas yana hawa da ƙyar, na ji ya ce, "Wash, gwiwar nan!"

Ban san lokacin da na ce, "Sannu Baba," ba.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. "Kai! Bahaushe a nan?"

Mutumin Maraɗi ne. 'Yarsa, wadda ke biye da shi riƙe da jaka, nas ce a Kanada, ita ta ɗauko shi yawon don ya huta. Ya ƙi kujerar da aka ba shi, ya zauna bayana. Baturiya na ta zuba tarihi, mu kuma muna gaisuwa ƙasa-ƙasa, mu kai ƙarshe mu sake ɗaukowa daga farko. Ya ce kwana shida yana cikin bato, wato jirgin ruwan, bai ga tuwo ba sai a mafarki.

A coci na hango shi ta gilashi ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu. 'Yar ta ji kunya tana jan rigarsa, ya ce ɗakin ibadar mutane ne, ba zai shiga musu da ƙazantar titi ba. A maƙabarta kuwa, da sauran suka watsu ɗaukar hoto, sai ya tsuguna gaban tuddan kaburburan masu ciyawa, ya yi wa mamata sallama, ya ɗaga hannu. Na kai mutane wurin ya fi a ƙirga, ban taɓa sauka ba. Ran nan na kashe mota na je na tsuguna kusa da shi.

Da muka shafa ya ce, "Bayin Allah. Nesa da gida, ba mai zuwa musu ziyara."

Maganar ta taɓa ni, don na ga kaina a cikinta. Na ce, "Baba, ka zo garina, ba za ka koma ba ka ci tuwon gidana ba. Ina da kuka, ina da daddawa."

"Mi zai hana, ɗana? Mu tafi!"

Muka hau lissafi kamar waɗanda ke unguwa ɗaya: in sauke Turawa, mu tsallaka ruwa zuwa Staten Island, in ɗora tukunya. Har na fara tunanin wane faranti zan ba shi. 'Yar ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Baba, ship ɗin four o'clock zai tashi. Uncle, Staten Island fa ka ce." Ta yi gaskiya, na kuma ji haushinta kamar ita ta gina tekun. Ga jagora can tana nuna mini agogo, fuska a murtuke.

Muka kama hanyar komawa tasha. Baƙonka annabinka, in ji mutane, ni kuwa nawa ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. Abin da ke motar duka gorar ruwa ce da ban buɗe ba. Da muka isa tasha na miƙa masa da hannu biyu, kunya kamar ta kashe ni. Ya yi bismillah ya sha sosai, ya ce, "Alhamdu lillahi. In na koma zan faɗa, na sauka wurin ɗan'uwa, ya shayar da ni."

Na karɓi jakar daga hannun 'yar na yi musu rakiya, ina jan ƙafa don tafiyar ta yi tsawo. A bakin shinge mai gadi ya tare ni, daga nan sai mai katin jirgi. Dattijon ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Koma haka nan, ɗana, ka yi rakiya. A gaida mutan gida."

Na ce, "Za su ji."

Na tsaya har hularsa ta ɓace cikin layi. Sannan na koma mota da gaisuwar, ban san wa zan kai wa ba.