Firijin Aro a Utaibiyya

Ban ajiye rubutu a lokacin ba, ban da wanda aiki ya sa na yi, don haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Ina tsammanin a Zulƙida ne, ko a ƙarshen Shawwal. Abin da na tabbatar shi ne zafi ya tsananta, motocin alhazai kuma sun fara cika hanya. Maganganun da zan kawo ma kamar yadda suka zauna a kaina ne, ba lallai haka aka furta su ba.

Shekarata ta biyu ke nan da gama jami'a, ina aiki a wata ƙungiyar agaji a nan Makka, a sashen taimakon kuɗin haya. Mai nema zai kawo takardunsa, sai a tura ɗayarmu ta je ta ga gidan da idonta, ta cika istimara, wato takardar tambayoyi, sannan kwamiti ya zauna ya yanke. A istimarar akwai jerin kaya: firiji, talabijin, injin wanki, shimfiɗar ɗaki. Gaban kowanne akwatuna biyu ne, akwai ko babu. Kowace "akwai" tana ja da mutum baya a layi. A can ƙasa an bar fili na layi uku don ƙarin bayani.

Ina ganin Hausar da nake ji tana cikin abin da ya sa aka ɗauke ni. A unguwar Shisha aka haife ni, a bakin kakata na koye ta, Larabci kuwa ya fi zama a harshena. Duk ranar da tsofaffinmu suka shigo ofis, wata abokiyar aikina takan leƙo ta ce, "Ga mutanenki nan sun zo." Wasa take yi, na sani, ko dai ina zaton na sani. Amma maganar ta zauna mini. Na ƙudurta ba za a taɓa buɗe fayil ɗina a ce na sassauta wa wani don yarenmu ɗaya ba.

Fayil ɗin da nake magana a kansa na wata tsohuwa ce a unguwar Utaibiyya. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba, takardunta kuma cikakku ne. Ɗaki biyu take haya a ƙasan wani tsohon gini, ta fi shekara ashirin a ciki. Yarjejeniyar za ta ƙare a Muharram, mai ginin ya ce ko a sabunta ko ta tashi. In kwamiti ya sa ta a rukunin farko, za ta zauna a ɗakinta. In ya sa ta a na biyu, sai baɗi.

Dokar aikinmu ita ce ba a sanar da ranar ziyara. Ranar da na ambaci fayil ɗin a gida, ba tare da suna ba, Ummata ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Tsohuwa ce fa kika ce. Haka za ki faɗo mata kamar masu kame? In kika same ta ba mayafi fa?"

"Umma, nizami ne, dokar aiki ce."

"Nizaminku bai san girma ba. Ki buga mata waya, ba wanda zai mutu."

Na buga. Na ce gobe da hantsi ina tafe. Ta ce, "Marhaban, 'yata, Allah ya kawo ki."

Tasi bai iya shiga lungun ba, sai da na taka. Tun daga bakin ƙofa na ji turaren wuta. Ta tarbe ni sanye da fararen kaya, tare da wata maƙwabciyarta daga hawa na sama, mace mai jiki da yawan dariya, wadda ta riƙa kiranta Yaya. Aka zaunar da ni a kan jan kafet mai kauri.

Kafet ɗin ya fi ɗakin girma. Ta gefen taga ya hau bango kamar taki guda, ta gefen ƙofa an naɗe shi ciki. Talabijin tana kan wani akwatin ƙarfe da aka lulluɓe da zane, wayar wutarta na reto a baya. Firiji kuwa fari ne, babba, yana tsaye a tsakanin ɗakunan biyu har ya tare rabin hanya. Na fi awa guda a gidan ban ji ƙuginsa ba ko sau ɗaya. Da za a ba ni zoɓo, daga cikin kula maƙwabciyar ta ɗebo ƙanƙara, kular tana ajiye a gindin firijin.

Duk wannan na gan shi. Ba daga baya na tuna ba, a lokacin na gani.

"Wannan Hausar taki ta ina ce?" in ji maƙwabciyar. "Kamar ana karanta takardar magani."

"Ta gida ce, Hajiya."

"Gidan wa? Faɗa mana mu ji ko mun san ku."

Bai kamata in faɗa ba, amma ban san yadda ake ƙin amsa wannan tambaya ba. Da na ambaci kakata, sai tsohuwar ta dafa ƙirji.

"Allahu Akbar. Jikarta ce ke? Tare muka sayar da gyaɗa da ita a Jarwal, tun ba a haifi uwarki ba. Ita ce mai yi mana lissafi, ni ce mai faɗa da masu saye." Ta matso ta kama fuskata tana dubawa. "Ga goshin nan. Ashe gida kika zo."

Abin da ya zo mini ba kakata ba ce, ofis ne. Na ga abokiyar aikina tana cewa ashe ma 'yar gida ce, na ga kwamiti yana tambayata me ya sa ban faɗi tun farko ba, da wanda ya ba ni izinin buga waya. Na fito da istimara na ɗora a cinya.

"Inna, firijin nan naki ne?"

Ta kalli maƙwabciyar, maƙwabciyar ta kalli rufin ɗaki.

"Alhamdu lillahi, 'yata. Allah ya rufa asiri."

"Talabijin fa?"

"Ga ta nan kina gani. Sha zoɓonki kada ya huce."

Ban sake tambaya ba. Na san tsohuwa irin wannan ba za ta ce wa jikar ƙawarta kayan ɗakinta na aro ne ba, balle mai kayan na zaune. Da na ce a rako ni bakin titi, da na tambayi maƙwabciyar mu biyu. Da na miƙa hannu na buɗe firijin ma ya isa. Ban yi ko ɗaya ba. Na sa "akwai" a wuri uku, na gaya wa kaina abin da idona ya gani aka ce in rubuta. A filin ƙarin bayani na rubuta cewa gidan yana da tsabta.

Kwamiti ya sa ta a rukuni na biyu.

Sai bayan Muharram na haɗu da maƙwabciyar a wajen wata gaisuwar rasuwa. Ita ta gane ni, ta jawo ni gefe.

"'Yar takardar magani. Kin ji Yaya ta tashi?"

Na ce ban ji ba.

"Ta tashi. Tana can wajen 'yar ƙanwarta, a ɗakin saman bene. Ke dai kin yi naki, Allah ya saka. Su manyan naku ne ba su da tausayi." Sai ta yi 'yar dariya. "Ai kuwa mun sha wuya ranar nan. Mu huɗu muka sauko da tallajata, firijin nan da kika gani, har yau kafaɗata ba ta daina ciwo ba. Kafet na matar tela ne. Yaya ta ce ba za a yi baƙuwa daga ƙungiyar agaji ta same ta a kan siminti ba."

Ba ta san firijin nata ne ya tayar da ƙawarta ba. Na tsaya tana yi mini addu'a, ina cewa amin.

Washegari na gaya wa shugabar sashenmu komai, har da wayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce taimakon yana bin yarjejeniyar haya ne, tunda ta tashi an rufe fayil, sai in ta kama wani wuri ta sake nema. Na tambaye ta, da na rubuta cewa ina zargin kayan na aro ne, me zai faru? Ta ce da an tura wata ta sake dubawa, ba sanarwa. Ko hakan zai canja hukuncin, ta ce ba ta sani ba, masu nema sun yi yawa a shekarar. Na daɗe ina riƙe da wannan "ba ta sani ba", sai dai ban ga ya sauke mini komai ba.

Na je wajen tsohuwar sau ɗaya, bayan la'asar, ban buga waya ba. Hawa huɗu ne ba lifta. Ɗakin yana kusa da tankin ruwa, kwano ne a samansa. Na same ta a kan tabarmar roba, akwatin ƙarfen nan yana gefenta, babu zanen da ya lulluɓe shi. Ta ce tun da ta hau ba ta fi sau uku ta sauka ba, saboda gwiwa. A Utaibiyya kuwa ƙofarta a bakin lungu take, kowa ya wuce sai ya gaishe ta.

Na fara yi mata bayanin istimara, da akwatunan akwai da babu. Ban tabbata ta fahimta ba, ban kuma tabbata na faɗa yadda za a fahimta ba. Ina jin na yi ta zagaye ne. Ta saurara, tana lalube a bayan akwatin, har ta zaro wani ƙaramin matashi ta kakkaɓe shi ta tura mini.

"To da so kike jikar ƙawata ta zauna a ƙasa?" ta ce. Ta dubi ɗakin, ta dube ni. "Yau ma da kin sanar da ni za ki zo, da na shirya."

Har yanzu ina wannan aiki. Ban ƙara buga wa kowa waya ba, Ummata kuma ba ta daina ganin rashin tarbiyya ne ba. Wani lokaci nakan sami tsohuwa ba mayafi, in tsaya a waje har ta shirya, ina jin kunya kamar zan nutse. Layukan nan uku na ƙasa ba sa isata yanzu, nakan juya bayan takarda.

Mata huɗu ne suka ɗauko firijin, ga matar tela, ga waɗanda suka zauna a kwamitin. Idan waninku ya karanta wannan ya ga na yi kuskure a wata, ko a hawan bene, ko a wata magana da na sa a bakin wani, ina roƙo ya aiko mini da gyara ta hannun wanda ya san ni. Musamman ina son sanin ko an haɗa firijin da wuta a ranar. Ni dai ban ji ƙuginsa ba. In kuma akwai wanda ya san ta sauko daga saman benen nan, ya taimaka ya gaya mini.