Shekarar da Sanyi Ya Yi Yaji

Mama Leocadia Chambi yayar mahaifina ce. A ƙauyen Wilaqala aka haife ta, a nan ta yi aure, kuma ko kwana ɗaya ba ta son yi a La Paz, wai hayaƙin motoci yana juya mata kai. Tun ba ta fi tunkiya tsayi ba take taka dankali. Da watan Yuni ya kama, lokacin tsananin sanyi a wajenmu, sai a baza shi a fili a kan busasshiyar ciyawa, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta fito ta sassauta shi, a bi shi da ƙafa ba takalmi a matse ruwan, a bar shi ya bushe. Baƙin nan mara nauyi da ya rage shi ne chuño, mai shekara da shekaru a rumbu bai lalace ba.

Da shi ta raini 'ya'yanta bayan mijinta, Tata Bonifacio, ya dawo daga ramin ma'adinai na Oruro da tarin da ya zama ajalinsa. A shekarar fari ma, tukunyarta ce ta riƙe maƙwabta. Yaran suka girma suka watse, wasu birnin El Alto, wani Ajantina wajen ɗinki. Ta rage ita kaɗai, da gwiwar da ta fara ƙin lanƙwasa.

Shekarar da nake ba da labari, gona ta yi kyau ƙwarai. Ta baza dankalinta kaf, sai gajimare ya zo ya lulluɓe sama ya yi zamansa. Mu kuwa kowa ya sani, in dai da gajimare, raɓa ba ta daskarewa. Kullum da asuba ta fita ta taɓa dankalin, ta ji shi lakwas, jiƙe, ta dawo gida. Ana haka ya fara tsami.

Ƙanin mijinta, Tata Nicanor, ya same ta tsugune a filin.

"Matar yaya, ashe har sanyin ma yaji ya yi miki? Na sha gaya miki ki rage faɗa."

"Rufa min baki, ragon banza. Naka dankalin fa? Ko shi sarauta ya ci?"

"Nawa ai aladu sun gama yi masa addu'a."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dubi dutsen da ke bayan gari, can inda ake kai dabbobi kiwo, ta ce, "Wannan a-kori-kurar taka tana tashi kuwa?"

"In an tura ta."

"To za a tura ta. Tun da sanyi ya ƙi saukowa, ni zan hau in same shi."

Nicanor ya zaro ido. "Da wannan gwiwar? In kika faɗi a can me zan ce wa 'yarki Maribel?"

"Ka ce mata uwarta ta bi abincinta."

Ni da matata muka taya su kwashe dankalin a buhuna. Wanda ya riga ya ruɓe muka ware, kuma ba kaɗan ba ne. Motar ta mutu mana a hanya har sai da muka jiƙe da gumi wajen turi, Mama Leocadia tana zaune a kan buhunan, hularta daram, tana zagin Nicanor da motarsa. Kafin rana ta faɗi mun baza komai a gaban bukkar makiyaya.

Washegari gajimaren nan yana nan, kamar biyo mu ya yi. Ta wuni tana tauna ganyen koka mai kashe yunwa, ko abinci ba ta taɓa ba. Har Nicanor ya ajiye tsokana. Ni dai na fara tunanin yadda zan lallashe ta ta koma wajen 'yarta a birni.

Safiya ta gaba matata ta je ɗibar ruwa a bokiti, sai moɗa ta ƙi nutsewa, ruwan ya zama ƙanƙara. Ta ƙwala kira. Muka fito, sama tas, ciyawa fari fat, numfashinmu yana hayaƙi. Mama Leocadia ta dogara sanda ta isa filin, ta ɗauki dankali ɗaya ta buga a dutse. Ƙwal! Ta sake ɗaukar wani. Ƙwal! Sai ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba.

"Ka ji ko, Nicanor? Ka ji?"

"Na ji, matar yaya. Biko ya yi kyau."

Sanyin ya ci gaba da sauka dare bayan dare har dankalin ya daskare yadda ake so. Saura taku, ita kuwa gwiwa ta hana. Ashe Nicanor ya hau tudu ya nemi sabis ya kira Maribel a ɓoye. Sai ga ta da rana tsaka da ƙawayenta biyu 'yan kasuwar El Alto, da takalma masu tsini.

"Inna, haka kawai ki hau dutse ba ki gaya wa kowa ba?"

"Cire takalmin, mu gani ko birni ya bar miki ƙafa."

Maribel ta taka na farko, ruwan sanyi ya tsarto mata, ta yi ihu ta daka tsalle. Aka kwashe da dariya. Kafin la'asar ta tuno da takun, tana murza dugadugai kamar ba ta taɓa barin gida ba.

Chuñon shekarar bai kai na sauran shekaru yawa ba, amma ya isa ci, har aka aika wa na Ajantina. Yanzu in Yuni ya zo da gajimare, gidaje da dama kan haɗa mota su hau. Mama Leocadia ta daina taku. Kan dutse ake shimfiɗa mata fatar tunkiya ta zauna, tana nuna wa jikoki da sanda inda suka tsallake.