Ranar da Na Nemi Hujja a Majalisar Kawu

Akwai wata Juma'a a Doha da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun tarihi, ina zaune gidan kawuna injiniya a unguwar Al Muntazah. Bincikena a kan Ingila ne ta ƙarni na sha takwas, zamanin da shagunan gahawa suka cika Landan. Ɗan kasuwa da likita da marubuci kan zauna teburi ɗaya, a karanta jarida, a yi ta gardama, har aka fara tambayar mutum hujjarsa maimakon sunan ubansa.

Rubutun lafiya lau yake, na bi shi layi-layi. Bakina ne matsalar. Malamata ta faɗa mini ƙarara cewa ranar Lahadi da zan kare binciken, idan masu jarrabawa suka ƙalubalance ni na sunkuyar da kai kamar yadda na saba, sai na maimaita zangon.

Da kawu ya ji, sai ya ce, "To, ka gwada a majalisata bayan la'asar. Manyan mutane ne, za su saurare ka."

Ba su saurare ni ba. Da farko ma buta aka miƙa mini, don a majalisar kawu ƙarami ne ke zuba shayi. Ga takarda a hagu, ga buta a dama. Ina ambaton gahawa wani abokin kawu ɗan Kumasi ya katse ni. "To ai majalisarmu suka sata. Su ma suna cin gyaɗa?" Aka bushe da dariya, aka shiga musu kan ko shayin Doha ya kai na Kano. Ni da na yi watanni ina karatu, ina tsaye ina jira a gama batun madara.

Na sake farawa. Sai babban majalisar, wani dattijon likita daga Al Rayyan wanda kawu ma ba ya musa masa, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Na zauna a Ingila. Sarkinsu ne ya ba da umarni a buɗe shagunan nan, a yi tunani. Babu abin da talaka ke farawa da kansa."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na san akasin haka ne, don wani sarkinsu ya taɓa yunƙurin rufe shagunan saboda yawan surutu a kan mulkinsa, bai yi nasara ba. Amma yaya yaro mai buta zai ce wa furfura ba haka ba ne? Takaici ya cika ni. Ga ni ina bayanin zamanin da aka daina bin magana don girman mai ita, ga ni na kasa buɗe baki.

Likita ya ƙara da cewa, "Ka gyara wurin nan kafin Lahadi."

Wannan ce ta ƙure ni. Na ajiye butar na ce, "Ranka ya daɗe, ina hujja?"

Kawu ya harare ni. Na kawo abin da na karanta daki-daki, ban tsallake komai ba. Likita ya dube ni, sannan ya miƙo kofinsa.

"Ban yarda ba tukuna," in ji shi. "Zuba, ka ci gaba."

Muka yi ta yi har aka kira magariba. Bai sallama ba, kuma har yau idan muka haɗu sai ya ce sarki ne ya sa aka buɗe shagunan.

Ranar Lahadi wani farfesa ya murtuke fuska ya ce bai gamsu da babi na biyu ba. Na dube shi, na ga ko rabin kwarjinin likita ba shi da shi, ba kuma shayinsa nake zubawa ba. Na amsa masa, na ci jarrabawar.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, sanin gaskiya a takarda bai wadatar ba. Sai mutum ya iya faɗinta cikin ladabi a gaban wanda yake jin nauyinsa, sannan ya ɗauki buta ya ci gaba da zuba masa shayi.