Ƙullin Tsakiyar Igiya

Kakata Iya Fanna ba ta yin tatsuniya hannu rabbana. In an idar da sallar isha'i a gidanmu na Birni, sai ta ja tabarma kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ɗauko abin da za ta nuna mana. Ran nan tsohuwar igiyar guga ta ɗauko.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya yi asara," in ji ta. Ta harare ni. "Kai, mijin nan marar cefane, riƙe min bakin nan." Ƙanwata ta riƙe ɗaya bakin.

Wai wa da ƙane ne a Gidimuni za su haƙa rijiya ɗaya. Kowa ya rantse matarsa ba za ta fi ta ɗan'uwansa tafiya ba, ga shi kuma wani ƙaton dutse ya zauna daram a tsakanin gidajensu. Har gaisuwa suka daina. Sai uwarsu ta ninka doguwar igiya biyu, ta ƙulla tsakiyarta, ta ɗaure baki ɗaya a kowace ƙofa. Ta kama ƙullin ta yi gefe tana ja, har igiyar ta miƙe ta ɓangarorin biyu, nesa da dutsen. "Nan za ku haƙa, ja'irai!"

Iya ta ja namu ƙullin, ta bi igiyar da tsinke ta zana a ƙasa, ta haɗa layi tsakanina da ƙanwata. "Dubi lungunka, dubi nata. Wa aka cuta?" Na duba na sake dubawa, don ni mai neman rigima ne. Ko kaɗan babu bambanci.

Daga baya, da mushe, wato malaminmu, ya zana wannan alwatika a lakwal, makarantar boko, ya ce sunanta izosel, gefe biyu tsawonsu ɗaya, kusurwa biyu na gindi daidai suke, dariya ta ƙwace mini. Ashe igiyar Iya ce aka raɗa wa suna!

Bara aikin ruwa ya kai ni wani ƙauye wajen Hamdara. Unguwa biyu, famfo ɗaya za a haƙa, kowace tana son sa kusa da ita, tsakiyarsu kuma maƙabarta. Masu injin haƙa suka ce in ba a daidaita ba za su wuce gaba, matan garin su ci gaba da tafiyar asuba da tulu a ka. Na baje taswira ina ta bayani. Wani dattijo ya ce, "Yaro, takardar nan kai kaɗai take yi wa magana."

Hankalina ya tashi, wallahi. Sai na tuna murhun nan.

Na ce kowane gida ya kawo igiyar guga. Muka harhaɗa su, muka ninka a gaban kowa, dattijon da kansa ya ƙulla tsakiyar. Aka ɗaure baki ɗaya a ƙofar masallacin kowace unguwa, samari suka ja ƙullin har ya wuce maƙabartar ya tsaya a wani fili. Nan aka kafa injin haƙa. Ran da ruwa ya yi tsiri, guɗar mata har kunnena ya toshe, ni ma na yi rawa ba kunya.

Na daɗe ina zaton lissafi Iya ta koya mini. Yanzu na gane mutane ba sa yarda da adalci sai sun riƙe shi da hannunsu. Ta rasu ban gode mata ba.

Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Wa ya koya maka wannan dabara?"

Na ce, "Matata ce, Baba, wadda ban taɓa yi wa cefane ba."